Abubakar Imam: Malamin da ya yi wa daren hunturu tanadi

A ƙasar Gaya, idan aka gama girbin gero, aka yanke dawa, aka cire gyaɗa, aka rore wake, sai iska ta juya. Daga Ajingi zuwa Toranke, daga Balare zuwa Gurduba, gari kan wayi da hazo, leɓe ya tsage, kaushi ya faso, ruwan randa ya zama sai mai ƙarfin hali. Rana takan yi saurin faɗuwa, dare ya miƙe. Ba sauran sammakon zuwa gona, don haka ba mai gaggawar kwanciya. Almajirai su tara kara su hura wuta a tsangaya, tsofaffi su ja garwashi kusa da shimfiɗa, samari su cika zaure. Tun kaka da kakanni wannan tsakani, ƙarshen kaka da goshin hunturu, shi ne lokacin hira a ƙasar Hausa.

A irin wannan zaure na fara jin littafin Magana Jari Ce, tun ban iya haɗa baƙi da wasali na boko ba. Wani yayanmu da ke aji shida ne yake karantawa a gaban fitilar ƙwai, mu kuma mun ƙudundune cikin mayafi muna saurare. Littafin ba shi da bango, shafukan farko sun daɗe da zubewa, saboda haka ba wanda ya san sunan mai shi. Abin da na fi tunawa shi ne dattawan da ke zaune a bakin ƙofa, mutanen da ba su taɓa yarda da makarantar boko ba, suna gyaɗa kai, wani lokaci su sa a maimaita wuri. Sai da na girma na san cewa wannan murya da ta sa su sakin jiki ta wani mutumin Kagara ce, wanda ya rubuta littafin yana ɗan shekara 25, kuma ya rasu a Zariya a 1981. Duk wanda ya tambaye ni abin da zai karanta a wannan sanyi, sunansa nake fara ambata, kuma ina ganin sanin rayuwarsa yana ƙara wa karatun armashi.

An haifi Abubakar Imam a 1911 a Kagara, wadda a lokacin take cikin Lardin Kwantagora, yanzu kuma a Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, kuma gidansu gidan karatu ne. Yaron ya buɗe ido da allo da tawada, da littattafan Larabci, da hirar malamai wadda ba ta rasa ba'a da habaici. Shekarun nan ba su yi nisa da zuwan Turawa ba. Mutanen da suka ga zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse suna nan da ransu, labarin yaƙi da hijira da kamun bayi kuwa a bakin waɗanda abin ya faru a kansu ake jin sa.

Yayansa, Malam Bello Kagara, ya girme shi da kusan shekara 20, kuma shi ne ya zama tsaninsa. Malam Bello yana koyarwa a Katsina, sai ƙanen ya bi shi can ya shiga makarantar boko. A 1927 ya samu shiga Kwalejin Katsina, makarantar da aka buɗe a farkon shekarun 1920 don horar da malamai, wadda daga baya ta zama mahaifar shugabannin Arewa. Ya yi zamani a can da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya gama a 1932, aka ba shi koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Katsinar wancan lokaci ta Sarki Muhammadu Dikko ce, da fadarta, da fadawanta, da kirari da zagage da alkalai. Wanda ya karanta yadda Imam yake siffanta zaman fada, yadda ake faɗuwa a yi gaisuwa, yadda bafade ke karɓe maganar sarki ya ƙawata ta, ya san ba a littafi ya samo wannan ba.

Da haka rayuwarsa za ta tafi, malamin makaranta mai alli da rajista, sai wani Bature mai suna Rupert East ya shigo cikinta. East ya taɓa koyarwa a Kwalejin Katsina, sannan aka ba shi shugabancin Hukumar Fassara da ke Zariya. Damuwarsa a fili take: an koya wa yara karatun boko da Hausa, amma ba abin karantawa sai littattafan lissafi da na kiwon lafiya da fassarar tarihi. Malaman ƙasar kuwa sun saba da rubuta waƙa da wa'azi da fiƙihu, da Larabci ko da ajami. Ƙagaggen labari a wurinsu tatsuniya ce, aikin mata da yara da dare, ba abin da babban mutum zai ɓata tawada a kai ba. A 1933 East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon masu ilimi su rubuta labari da Hausa, aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito. Abin mamaki kuma, shi ma Shaihu Umar, a cikin labarin, asalinsa wani gari ne mai suna Kagara.

Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma ƙuruciyar tana nan a jikin littafin. Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman wani ruwa da aka ce yana warkar da cuta, don ya wanke malamin da ya rene shi daga kunyar da aka ba shi a fada. A hanya ya haɗu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suka shiga yi wa juna ƙulli, yau wannan ya sa a ɗaure wancan, gobe wancan ya sa a yi wa wannan dukan kawo wuƙa. Neman ruwan dalili ne kawai na tafiya. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne waɗannan 'yan duniya biyu da ba sa gajiya da juna. Masu nazari sun daɗe da nuna kamannin Zurƙe da Abu Zaidi na cikin Muƙamatul Hariri, littafin da duk almajirin da ya yi nisa a lugga ya sani, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga yaron da ya tashi a gidan malamai. Littafin gajere ne, dare biyu ya ishe shi. Ga wanda ya daɗe bai karanta Hausa ba, ko yake so ya jawo yaransa, da shi ya kamata a fara.

East ya gane ya samu abin da yake nema. A 1936 ya sa aka aro Imam daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, aka ba shi masauki, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai, aka ce ya yi wa makarantu littafin karatu. Cikin wannan ɗan lokaci ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, labarai fiye da 80, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Duk wanda ya taɓa zama ya rubuta wasiƙar shafi biyu ya san abin da wata shida ke nufi a nan.

Ginin littafin shi ne abin lura. A na farko, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma ya shirya makirci don yaron ya fita a hallaka shi. Ba abin da ke tsakanin Musa da ƙofar gida sai wani aku. Kullum dare yaron ya yi ɗamara zai fita, akun ya tsare shi da labari, kafin a ankara gari ya waye. A na biyu akun ya zama waziri, yana gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana, yana ba shi labari yana yi masa jarrabawa. Wato littafin farko gaba ɗayansa a kan abu ɗaya ya tsaya, yadda za a riƙe mutum a ɗaki da dare da daɗin baki kawai. Ban san littafin da ya fi wannan dacewa da lokacin da iska ke kaɗa ƙyaure, kowa yana neman dalilin zama a ciki ba. Kowane labari tsawonsa daidai zama ɗaya ne, a karanta, a yi dariya, a yi gardama a kan wanda ya fi wani wauta, a tashi.

Akwai maganar da ba a son tayarwa a gaban masoyan Imam, amma ɓoye ta ba ya ƙara masa daraja. Yawancin labaran nan ba shi ya ƙage su daga tushe ba. Akun da ke tsare mutum da labari ya fito ne daga wani tsohon littafin Indiya mai labarai 70, wanda Farisawa suka juya zuwa harshensu. A can matar aure ce akun yake hanawa fita wurin wani namiji. Wasu labaran daga Dare Dubu da Ɗaya suke, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara. Labarin Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin baƙo sannan ta tsorata shi ya ruga, a Jamus wata kuyanga ce mai dafa abinci. Sarkin Busa, wanda ya raba gari da ɓeraye aka hana shi ladansa ya tafi da yaran garin, shi ma baƙo ne daga can. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun bi sawun waɗannan labarai sun nuna inda aka samo su.

To, sai me? A ganina nan ne gwanintar take. Dattawan zaurenmu a Ajingi ba wanda ya taɓa zargin Kalala ba Bahaushe ba ne. Kowa ya san wani mai halinsa a unguwa. Imam ya karɓi ƙashin labari ne kawai, ya sa masa tsoka da fata da riga da hula. Matar da ke son fita wurin wani ta koma ɗan sarki mai son bin sahun mayaƙa, abin da uba zai iya karanta wa 'ya'yansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Gidan giya ya koma zaure, alƙalin Turai ya koma alƙali mai buzu da muhuti, kowane labari kuma aka ɗaura masa karin magana a ka kamar da shi aka haife shi. Ɗan kasuwar Kwari ya san wannan aiki: yadi daga waje yake zuwa, amma ɗinkin da aikin wuyan su ke sa a kira shi babbar riga. Abin da kawai zan yarda a ce shi ne, da an rubuta asalin labaran a bugun farko, da an huta da gardamar da ta biyo baya.

Abin da ba a aro ba shi ne harshen. Kafin Imam, Hausar boko tana tafiya ne kamar mai sabon takalmi, ana jin Turanci ko Larabci a ƙarƙashin kowace jimla. Shi ya rubuta ta yadda ake faɗinta, da gajerun gaɓoɓi masu bin juna, da sai da ko da ashe a inda mai magana zai sa su, da kirari da zambo da baƙar magana. Shi ya sa littafinsa ya fi daɗi a kunne. Mai karanta shi a zuci yana samun rabi ne. Sai an ɗaga murya ake jin inda ya ja numfashi. A shekarun nan ne kuma ofishin East yake daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, har aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa da muke amfani da su yau, littattafan Imam kuwa suna cikin waɗanda suka kai wannan rubutu kowane aji a Arewa.

Ba zan ce komai na littafin ya tsufa da kyau ba. Mata a cikinsa sau da yawa ko masu makirci ne ko masu kwaɗayi, baƙauye kuma kullum shi ne abin dariya idan ya shigo birni. Mu da muke ƙyaƙyatawa a zaure ba mu lura da cewa da mu ake ba, sai da muka zo Kano makaranta aka fara kiran mu da sunan. Uban da zai karanta wa 'ya'yansa yau zai tarar da wuraren da ya kamata ya tsaya ya yi bayani. Wannan ma wani amfanin karatu a bainar iyali ne, wanda waya a hannun yaro shi kaɗai ba ta bayarwa.

Daga nan rayuwarsa ta koma Zariya ɗungurungum. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, aka naɗa shi editanta na Hausa, ya riƙe ta kimanin shekara 12. Sunan jaridar ya haɗa da farashinta, kwabo ɗaya. An kafa ta ne ana jin ƙamshin Yaƙin Duniya na Biyu, jita-jita ta cika kasuwanni, har ana cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus. Gwamnati tana son bakin da zai yi magana da talakawa, ta samu. Amma Imam ya mayar da jaridar fiye da abin da aka nufa da ita. Ya buɗe shafin wasiƙu, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa suka riƙa rubutowa daga kowane lardi. Mutumin Gaya ya karanta ƙorafin mutumin Argungu ya ga irin nasa ne. Kwafi ɗaya yakan zagaya hannu da yawa, mai karatu ɗaya ya karanta wa goma, kamar dai yadda ake yi da littattafansa. Kalmomi da yawa na mulki da siyasa da yaƙi da muke ji a rediyo yau a wannan teburi aka fara sarrafa su.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci 'yan jaridun Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila, shi kaɗai ne daga Arewacin Najeriya. A cikin tawagar akwai Nnamdi Azikiwe, wanda ya shirya takardar neman a sa wa'adin ba da mulkin kai. Imam ya ƙi sa hannu. Wannan ya jawo masa suka daga jaridun Legas, kuma har yau akwai masu ganin ya yi wa Turawa kara. Hujjarsa ita ce ba wanda ya aiko shi da wannan saƙo daga gida, kuma Arewa, da 'yan makarantunta ƙalilan, ba ta shirya shiga irin wannan tsari kafaɗa da kafaɗa da Kudu ba. A wannan tafiya kuma ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya ci ƙasar da yaƙi, ya bayyana masa illolin mulkin En'e: zaluncin da ake yi wa talaka, da yadda ake toshe bakin matasa masu ilimi, da yadda jami'an Turawa ba sa jin kowa sai sarakuna. Daga baya ya rubuta masa waɗannan abubuwa a wasiƙa. Mutumin da ya ƙi bin Azikiwe shi ne kuma ya je har gaban mai tsarin ya faɗa masa aibinsa. Haka halinsa yake a siyasa, gyara daga ciki, a hankali, da lafazi mai laushi. Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun ga wannan hanya ta yi jinkiri, suka ɗauki wata. Mai karatu yana iya zaɓar ɓangarensa. Labarin tafiyar yana cikin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944, littafin da ke nuna Ingila ta idon Bahaushe mai lura, mai kwatanta duk abin da ya gani da na gida.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Legas a farkon shekarun 1950. Abin da aka fi tunawa da shi a can ya shafi alhazai: a 1953 ya kawo ƙudurin a buɗe ofishin kula da mahajjatan Najeriya a Jidda, aka ce ya je hajjin shekarar ya gano halin da suke ciki ya kawo rahoto. Ya je, ya dawo da bayanin wahalar da talakawa ke sha a hanya da can, kuma wannan rahoto yana cikin tubalan farko na tsarin kula da alhazai a ƙasar nan. Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. Ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa a tsakiyar shekarun 1950, lokacin da ake fafutukar cike kujerun da Turawa za su bari da 'yan ƙasa, ya yi shekaru a can. Ma'aikatan gwamnati na farko da yawa a Arewa ta gabansa suka wuce. A shekarun 1970 kuma ya riƙe ofishin sauraren koke-koken jama'a a Kaduna.

Wani abu da ke ba ni mamaki shi ne, bayan Magana Jari Ce bai sake rubuta wani babban ƙagaggen labari ba, alhali ya rayu fiye da shekara 40 bayansa. Alƙalaminsa ya karkata ga koyarwa da addini. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, ya haɗa hannu da East suka yi Ikon Allah, wanda ke bayyana halittu da sammai da ƙasa da Hausa mai sauƙi, ya rubuta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Musulunci. Ya kuma sa hannu a kafa makarantar Islamiyya a Tudun Wadan Zariya, mai haɗa karatun addini da na zamani. Ko aikin ofis ne ya cinye lokacin, ko kuwa ɗan malamai ne ya koma ga abin da gidansu ya fi ɗauka da nauyi, Hausa dai ta yi rashin littafi na huɗu. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa, ya kuma samu lambobin yabo daga Ingila da Najeriya. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Allah Ya jiƙansa da rahama. Tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tsara aka buga a 1989, da Turanci yake, abin da ke da ɗan ciwo ga mutumin da ya yi wa Hausa wannan hidima.

Bayan rasuwarsa gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo a shekarun 1980, wasu suka san aku ta allo kafin su san shi a takarda. Amma abin da ya fi cutar da littafin, a ganina, shi ne zamansa littafin jarrabawa. Yaro ya haddace sunayen taurari da jigo da salo don ya ci maki, ya fita aji bai taɓa yin dariya a kan Zurƙe ba. Da na je Ajingi a hunturun bara, zauren yana nan, sanyin yana nan, samarin ma suna nan, sai dai kowa fuskarsa na haske da wayarsa, ba mai ce wa wani uffan. Ban ga laifinsu ba. Ba wanda ya taɓa karanta musu. A gidajenmu na birni ma haka abin yake, ko ya fi, domin akwai 'ya'yan 'yan kasuwa da na ma'aikata a Kano da Kaduna da Abuja da ke karanta Turanci kamar ruwa amma su yi ta tuntuɓe a layi ɗaya na Hausa.

Littattafan ba su ɓata ba. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966 ya gaji aikin Gaskiya da NORLA, ya yi ta sake buga su, kuma ana samun su wurin masu sayar da littattafai a Sabon Garin Kano da Zariya da sauran manyan garuruwa. Wanda zai saya ya duba bugun da kyau, domin akwai na jabu masu shafuka a hargitse da haruffan da suka rasa lanƙwasarsu. Idan an gama Ruwan Bagaja, littafin farko na Magana Jari Ce zai kai iyali har tsakiyar sanyi in ana labari ɗaya kowane dare bayan sallar lisha. Ganɗoki ya dace da yaro mai son yaƙi da kirari. Jiki Magayi, labarin saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa ya tafi neman ramuwa, na manya ne. Shaihu Umar kuwa, da uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta da aka sace, a ajiye shi sai daren da yara suka yi barci da wuri, domin ba littafin dariya ba ne, kuma mai karanta shi da ƙarfi yakan kai inda muryarsa za ta ƙi fita.